Daga Kamu Zuwa Kamu: Kokawa a Hanyar Gabas

Ranar 27 ga Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, wata huɗu da 'yan kwanaki bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira ba su juya gida ba. Sun bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka nausa gabas ta ƙasashen Chadi da Darfur, har suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906. Garin da suka kafa kudu da Sinnar yana nan da sunan jagoransu, Maiwurno, kuma har gobe ana jin Fulatanci da Hausa a lungunansa, gefe da gefe da Larabci.

Bayansu hanya ba ta huta ba. Maniyyata suka yi ta kwarara, a ƙasa da kan jakuna, daga Kano da Katsina da Gobir da Damagaram. Mutum ya yi damina a Wadai, ya yi wata a Fashir, ya kama jirgin ƙasa a Ubayyid idan guzuri ya bari, ya sauka a Jazira da niyyar ya yi aikin shekara ɗaya ya tara kuɗin jirgin ruwa a Sawakin. Shekara ɗaya ta zama goma, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, aka binne iyaye. Haka ƙauyukan Hausawa suka tsiro a tsakanin gonakin Jazira, da kewayen Madani, da gefen kogi daga Sinnar zuwa Sinja har Rusairis, da can Gadarif.

Masana sun yi rubutu a kan waɗannan mutane. Mark Duffield ya fitar da littafi a kan tattalin arzikin Maiwurno a 1981, Bawa Yamba ya rubuta nasa a 1995 a kan jikokin maniyyatan da har yanzu suke ɗaukar kansu matafiya, Al-Amin Abu-Manga kuma ya bi diddigin yadda Hausar Sudan take shan Larabci. Talakan Sudan shi ma ya san Bahaushe: ya san shi da allo, da komar su, da noman bakin kogi, da naman agashe da ake layi a saya da yamma. Abin da bai san shi da shi ba shi ne kokawa. Fagen da ya yi suna a ƙasar na mutanen Nuba ne. Alhali yawancin waɗanda suka taka wannan hanya manoma ne, kokawa kuwa a ƙasar Hausa wasan manoma ce, kamar yadda dambe yake na mahauta.

A gida, lokacinta kaka. An girbe gero, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, jiki ya murmure daga wahalar damina. Da la'asar ko da farin wata sai a ji ganga a bakin gari. Samari su fito da bante ko warki, damatsa sun sha layu da kambuna, kowa da kirarinsa. Yara ne ke buɗe fage, sai matasa, manya ba sa tashi sai wuri ya yi zafi. Ƙa'idar ba ta da tsawo: babu naushi, babu shuri, wanda aka kai ƙasa ya sha kaye, magana ta ƙare a nan. Garuruwa sukan bambanta a kan ko dafa ƙasa da hannu ko kai gwiwa ya isa a ce an faɗi, amma babu inda ake bin mutum a ci gaba da murƙushe shi bayan ya kwanta.

Ɗan kallo yakan ɗauka ƙarfi ne ke yin kaye. Ƙarfi yana kayar da yaro da baƙon fage, amma idan gwanaye biyu suka haɗu da wuya kamun farko ya yi aiki, kuma shi mai kamun ya san haka tun kafin ya miƙa hannu. Abin da yake farauta shi ne yadda jikin abokin karawa zai kare kansa. Sai ya dafa masa ƙeya ya danna ƙasa. Dole wancan ya cije ya ɗago, kuma a daidai ɗagowar nan ƙafafunsa ba su da mai gadi, sai gwani ya sunkuya ya kai hannu bayan gwiwa. Idan ya fizge ƙafar da aka nufa, nauyinsa duka ya koma kan ɗayar, ita za a taɗe. Ya yi tsalle ya tsallake taɗiyar, to ƙugunsa ya matso, sai runguma da ɗauka. Ya ja jiki baya ya zauna a kan dugadugansa don kada a ɗaga shi, sai a harɗe masa ƙafa ta ciki a tura shi inda ya riga ya karkata da kansa. Jama'a su ɗauki ihu a kan harɗiyar, makaɗi ya wasa ta, amma kayen ya fara ne tun daga hannun da aka ɗora a ƙeya.

Gwanin dara ya san wannan lissafi: ya shirya gida biyu, a toshe ɗaya ya ci ta ɗayan. Sai dai a kokawa ana biyan kuɗin kowane yunƙuri da numfashi, kuma kowane kamu yana buɗe mai yin sa. Wanda ya sunkuya neman ƙafa ya ba da wuyansa, za a iya danne shi har gwiwoyinsa su taɓa yashi. Wanda ya ɗaga ƙafa zai yi taɗiya, shi ma a kan ƙafa ɗaya yake tsaye. Shi ya sa gwani ba ya sakin abin da ya riƙe sai ɗaya hannun ya sami madafa, kuma ba ya barin tazara tsakanin yunƙuri da yunƙuri wadda za ta ishi abokin karawa ya daidaita tsayuwarsa. A nan ake gane ɗan koyo. Ya kai hari da dukan ƙarfinsa, abin ya ƙi, sai ya ja da baya ya sake lale, ya ba wancan hutun da bai roƙa ba. Dattawan da ke zaune a gefen fage, waɗanda gwiwa ta riga ta ci amanarsu, a wannan gaɓar suke ɗaga murya: "Kai yaro, kada ka sake shi!" Idan kuwa duka biyun sun san amsar juna, sai a yi ta kici-kici goshi da goshi har a raba su canjaras.

Wannan ilimi ba a karanta shi a allo. Jiki ne ke haddace shi, kuma ba ya haddacewa sai ya gamu da jikuna iri-iri. Saurayin da bai taɓa kama kowa ba sai 'yan unguwarsu ya san amsa biyar ko shida ne kawai, ranar da ya haɗu da dogo mai jan ƙafa ko gajere mai shiga ƙasa sai sarƙarsa ta tsinke a zobe na biyu. Dalilin yawon kokawa ke nan: rani ya shiga, 'yan wasa su ɗauki makaɗinsu su bi kasuwanni gari-gari, a sauke su, a ciyar da su, su kama zakarun wurin. Yawo irin wannan yana son watannin da ba a aikin gona, yana kuma son mai hannu da shuni da zai ɗauki nauyi.

Masu ɗaukar nauyin sun daɗe. Baturen nan Dixon Denham, wanda ya zauna a Kukawa a 1823, ya ba da labarin kokawar da ake yi a gaban Shehun Barno, inda manyan fada ke fito da ƙartin bayinsu, musamman 'yan Musgu da Bagarmi. Ubangida na tsaye yana zuga nasa da alkawarin kyauta da barazanar kisa a numfashi ɗaya, wanda ya yi kaye kuma a jefa masa riguna. Hoton ba shi da daɗin gani, amma ya nuna cewa tun a lokacin kokawa tana da masu zuba mata dukiya, a kan hanyar da maniyyata za su bi daga baya. Abokin tafiyarsa Clapperton, da ya isa Kano a 1824, 'yan dambe ya nema, mahauta ne kuma suka amsa kiran.

Mutanen da suka sauka a gaɓar Nilu da wata irin zuciya suka zo. Na farkonsu muhajirai ne, 'ya'yan gidan jihadi, waɗanda suka tashi da labarin cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu, jagoran jihadin, za ta yi ƙaura zuwa gabas. Na bayansu maniyyata ne. Addini bai hana kokawa ba, kowane almajiri ya san Manzon Allah (SAW) ya kayar da Rukana, ya kuma san labarin Samura ɗan Jundub da Rafi'u ɗan Khadij, yara biyu da aka sa suka kama kafin yaƙin Uhudu don a ga wanda ya isa fita. Abin da malamai suka daɗe suna ƙyama shi ne rakiyarta: ganga, da cuɗanyar maza da mata, da tsiraici, da asirin da ake binnewa a fage. A garin da aka gina a kan hijira, inda girma yake wajen malam da alhaji, saurayi mai ƙarfi ya fi samun yabo idan ya sauke Alƙur'ani ko ya tara guzurin tsohonsa da ya yi suna a bakin makaɗi.

Amma abin da ya fi yi wa al'adar illa, a ganin mai wannan rubutu, auduga ce. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman Jazira, wanda kamfanin Sudan Plantations Syndicate ya gudanar har gwamnati ta karɓe shi a 1950. Da aka haɗa da faɗaɗawar Manaƙil, gonar ta kai kimanin feddan miliyan 2, tana cikin mafi girman gonakin ban ruwa a duniya. An yanka ta hawasha-hawasha an raba wa manoma, su kuma manoman suna buƙatar hannuwa, hannuwan da suka fi samuwa kuwa na mutanen yamma ne. Auduga mai dogon zare ana shuka ta da damina, amma tsinkarta daga Janairu take farawa har zuwa Afrilu. Kafin nan an yi girbin dawa. Bayan nan kuma doka ce a tumɓuke karan audugar a ƙone don kashe cuta, sannan ga yashe magudanan ruwa. Wato watannin nan na sanyi da bazara, waɗanda a Gobir ko Arewa saurayi ke yawon kokawa a cikinsu, su ne a Jazira kasuwar ƙwadago take ci, kuma su ne damar mai tara kuɗin Makka. Na bakin kogi ma ba su tsira ba: da zarar ambaliya ta janye sai noman fadama da su, waɗansu kuma su wuce Gadarif yankan riɗi da dawa a manyan gonakin da aka fara buɗewa a shekarun 1940.

Sai kuma maganar takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta ɗauki ƙarshen 1897 a matsayin iyaka, wanda kakanninsa ba su zauna a ƙasar kafin nan ba sai ya nema. Wannan ya bar yawancin jikokin maniyyata a waje. Aka haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, a ƙarƙashin suna ɗaya, Fallata, da yawansu kuma suka ƙare a noman raba-daidai ko a unguwannin leburori da ake kira kanabi, a gefen gonar da ba tasu ba. Al'ummar da ke fafutukar a yarda ita 'yar ƙasa ce ba ta cika son buga gangar da za ta tuna wa maƙwabta daga inda ta fito ba. Babu kuma gwamnan da zai gina mata fage.

Maƙwabtan nasu na duwatsun Kordofan ta Kudu labarinsu daban ne, ko da yake duk Bahaushen da ya ga kokawar Nuba zai ji kamar a gida yake. Ita ma bayan girbi ake yin ta, ƙauye da ƙauye. Samari sukan ware a rugar shanu su sha madara su yi ta gwada juna, ranar wasa su fito sun shafe jiki da toka. A tsaye ake yi, kaye ɗaya ya raba gardama, wanda ya yi nasara a saɓa shi a kafaɗa. Hoton da George Rodger ya ɗauka a 1949, na wani zakara a wuyan mai ɗauke da shi, ya zaga duniya, shi ne kuma ya ja Bajamushiya Leni Riefenstahl zuwa duwatsun. Abin da ya bambanta su da Hausawan Jazira shi ne, a wurinsu kokawa ita ce tutar ƙabila. Da fari da yaƙi suka kora su Khartoum, da ita suka tafi.

A unguwar Haj Yusuf, gabas da kogi, suka kafa fagen da ya zama na ƙasa baki ɗaya. Kafin yaƙin 2023, ranar Juma'a da yamma wurin yakan cika maƙil, da ƙungiyoyi, da alƙalin wasa mai usur, da 'yan kallo masu manna wa zakara takardun kuɗi a goshi, irin liƙin da aka sani a bukukuwan Kano. 'Yan wasan sukan shiga a duƙe, suna shafa yashi a tafin hannu, suna taɓa kan juna da yatsu kamar masu wasa, har ɗaya ya ɗago fiye da kima a kai wa ƙafarsa hari. Daga nan sarƙar ɗaya ce da ta Gobir. Fagen ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba Nuba ba, har wani jami'in ofishin jakadancin Japan, Yasuhiro Murotatsu, ya shiga a 2013 ya sha kaye jama'a na yi masa tafi.

Kogin Nilu kuwa ya daɗe da sanin wannan sana'a. A Bani Hasan da ke tsakiyar Masar akwai kaburburan hakimai da aka sassaƙa a dutse kimanin shekara 4,000 da suka wuce. A bangon kabarin Baket na Uku an zana 'yan kokawa kusan tagwaye 220, sahu-sahu. Mai zanen ya yi wa ɗaya launi mai duhu, ɗaya mai haske, don mai kallo ya bambance hannun wane ne a ƙugun wane. Ana iya bin sahun da ido a ga kamun wuya ya koma kamun ƙafa, kamun ƙafa ya koma ɗauka, wanda aka ɗauka ya harɗe ya juya lamarin. Wani ɓangare na zanen ya nuna su a ƙasa suna ci gaba da murɗa juna. Wanda ya yi aikin nan ya zauna a bakin fage ya ƙura ido, domin abin da ya dame shi shi ne yadda wannan kamu ke haifar da wancan.

'Yan shekarun nan sun yi wa fagage da ƙauyuka duka mugun kaye. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da waɗansu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. A Afrilun 2023 yaƙin soja da dakarun RSF ya cinye Khartoum har da Haj Yusuf. Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, Sinja a tsakiyar 2024, kafin soja su ƙwato su. Shirin Jazira kansa, wanda ya riga ya tsufa, ya tsaya cak a wurare da yawa.

A can inda kakannin suka baro, al'adar ta sami ubangidan da ba a taɓa samu ba. A 1975, shekara guda bayan Seyni Kunce ya hau mulki, gwamnatin Nijar ta shirya gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Tun daga nan gasar take zagaya jihohi. Kowace daga jihohi 8 tana kawo 'yan wasa 10, a yi kwanaki ana fafatawa, rediyo da talabijin na watsawa, kasuwanni su yi tsit idan manya suka shiga. Zakara yana tafiya da takobi da doki da kuɗi. An gina filaye an sa musu sunayen mazan jiya: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Makaɗa da 'yan cali-cali masu ba da dariya suka zama ma'aikatan fage, layu kuma ba su ragu ba ko ɗaya. A ƙarshen 2023, a Agadas, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida.

Gwamnati ta kawo agogo da gargaɗi ga mai gudun kamu, ta kuma haifar da 'yan kokawar da ba su da wata sana'a. Masu kallo na yawan ƙorafin cewa manyan karawa sun koma dogon riƙo da jiran kuskure, domin wanda takobi ke gabansa ba ya son sunkuyawa. Ƙorafin yana da hujja. Amma mutum 80 da ke haɗuwa duk shekara, suna nazarin juna a bidiyo, sun kai sarƙar kamu inda zakaran ƙauye bai taɓa kai ta ba. Wannan taro na shekara-shekara shi ne abin da ƙauyukan Jazira ba su taɓa samu ba.

Yau kuma akwai wata kokawar da ta shigo ta wayar hannu, wadda take farawa daga inda ta gida ta tsaya. Asalinta Japan. A 1882 Jigoro Kano (sunan mutum ne, ba ruwansa da birnin Dabo) ya kafa makarantar judo, inda haɗa wannan jifa da wancan ya zama darasi mai zaman kansa, aka kuma ajiye shaƙa da murɗe gaɓa ga wanda aka kai ƙasa. Wani almajirin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Brazil a 1914, 'yan gidan Gracie suka koya daga gare shi suka mayar da hankali kacokan a kan faɗan ƙasa. A 1951, a filin Maracana, Masahiko Kimura ya murɗe wa Helio Gracie kafaɗa har hannu ya karye, wannan kamu kuma da sunan Kimura ake kiransa har yau. A Nuwambar 1993 ɗan Helio, Royce, ya shiga gasar UFC ta farko a Denver, ya sa mutum uku suka yi saranda a dare ɗaya, dukansu sun fi shi nauyi. Daga baya Abu Dhabi ta rungumi wasan, ta kafa babbar gasa a 1998, ta kuma shigar da shi makarantu.

A nan kaye ba ya ƙare wasa, babbar nasara ita ce a sa ɗaya ya bubbuga da hannu ya ce ya isa. Duk da haka tsohon ɗan kokawa zai gane lissafin da kallo ɗaya. Mutum na kwance a kan bayansa, abokin karawa na tsakanin ƙafafunsa. Sai na ƙasa ya kama wuya da hannu ɗaya na wancan a tsakanin cinyoyinsa, ya ƙulle ƙafa a bayan gwiwa, ya matse jijiyoyin wuya. Mafitar na sama ita ce ya miƙe ya ɗaga kai, amma yana miƙewa hannun nan da ke ciki ya miƙe sambal, sai a wurga ƙafa a kan fuskarsa a lanƙwasa gwiwar hannun ta inda ba ta lanƙwasuwa. Idan ya danno da nauyinsa ya tanƙwara hannun don ya cece shi, ya dawo da wuyansa cikin tarkon farko. Idan ya ɓoye hannun a gefe, sai na ƙasa ya juya ya murɗe kafaɗar da ƙafarsa. Ya yi dungure don ya kuɓutar da kafaɗa, ya tashi ya tarar shi ne a ƙasa. Masu koyar da wannan wasa suna nanata abin da dattawan bakin fage ke faɗa: kada a saki ƙugu ko hannu yayin sauya kamu, kada kuma a dage a kan kamun da ya riga ya mutu har hannu ya gaji.

Misalin da aka fi nunawa ya faru ne ranar 26 ga Yunin 2010 a San Jose ta Amurka. Fedor Emelianenko na Rasha ya yi kusan shekara goma ba a doke shi ba. Ya rufe Fabricio Werdum na Brazil da naushi, Werdum ya zube a kan bayansa, Fedor ya bi shi don ya ƙarasa. Werdum ya kai wa hannu hari, Fedor ya zare. Ya sake dannowa, sai ya tarar ƙafafu sun zagaye masa wuya. Yana neman hanyar numfashi Werdum ya ja hannun da ke ciki ya miƙar da shi, shaƙa da lanƙwasa suka haɗu a lokaci ɗaya, Fedor ya bubbuga. Minti ɗaya da daƙiƙa 9 aka yi. Da a Tawa ne ko Haj Yusuf, da alƙali ya hura usur tun lokacin da bayan Werdum ya taɓa ƙasa, an saɓa Fedor a kafaɗa an zagaya fage da shi.